Darasi na 9: Maganin ƙwari, hayaƙi da sankarar nono

A zangunanmu na Kumasi, daga Aboabo har Asawase, da wuya ka shiga gidan haya ba ka tarar da kwalbar maganin ƙwari a ƙarƙashin gado ba. Sauro da kyankyaso da kuɗin cizo sun hana mu barci, dole a nemi mafita. To, amma wa ke kwana a ɗakin da aka yi wa feshi? Yara ne da mai ciki.

Nonon mace ba rana ɗaya yake ginuwa ba. Yana somawa tun tana cikin uwarta, ya ci gaba idan ta fara ƙirgen dangi, ya ƙarasa a cikinta na fari. A waɗannan lokuta guba ta fi yi masa lahani. Kamar ɗanyen siminti ne: abin da ya taka shi yana jiƙe, sawun na nan ko bayan ya bushe.

Ga abin da masu bincike suka gani. A jihar Kalifoniya ta Amurka an ɗebi jinin mata masu ciki daga 1959 zuwa 1967 aka adana. A lokacin ana fesa maganin ƙwari mai suna DDT ko'ina. A 2015 aka fitar da sakamakon bin diddigin 'ya'yansu mata. Waɗanda iyayensu ke da DDT mai yawa a jini, haɗarin kamuwarsu da sankarar nono ya ninka kusan sau 4. Ku lura, 'ya'yan nan ba su riƙe gwangwanin feshi ba, tun suna cikin uwa suka sha. Amurka ta hana DDT a 1972, Ghana ma ta hana shi a gona. Sai dai irin wannan guba tana daɗewa a ƙasa, tana kuma taruwa a kitsen jiki. Dattawanmu da suka yi aikin gonar koko sun san maganin feshin nan Gammalin 20. Sinadarin cikinsa, lindan, tun 2015 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa shi cikin masu jawo wani nau'in sankara.

Ba duk wadda ta shaƙi feshi ce za ta kamu ba. Akwai gado, akwai yawan shekaru. Waɗannan ba a hannunmu suke ba, amma feshi da hayaƙi a hannunmu suke.

Gidan sauro da ake bayarwa wurin awo ya fi feshi, a ɗaura shi, a daina killace kaji da shi. In feshin ya zama dole, maigida ya yi, yara da mai ciki su fita, a rufe abinci, a buɗe tagogi kafin a dawo. Kada a sayi maganin da aka ɗura a kwalbar da ba rubutu. A duba lambar hukumar kare muhalli, wato EPA, a jiki. Maganin gona ba na ɗaki ba ne, kuma ba a zuba shi a buhun wake. Jarkar da ya ƙare a ciki ba ta ruwan sha ba ce, ko an wanke ta sau goma.

Sai hayaƙi. 'Yan uwa mata masu koko da waakye, hura gawayin kurfoti da leda ga goyo a baya mummunar al'ada ce. Haka ƙona roba a bola, da babbake ganda da tayar mota.

Mai shayarwa kada ta yaye ɗanta don tsoro. Shayarwa tana rage mata haɗarin sankarar nono. Wadda kuma ta ji ƙullutu a nono, ko ta ga jini yana fita a kansa, ta ɗauki katin inshorar lafiya ta tafi asibitin Komfo Anokye, kada ta tsaya shafe-shafe a gida.

Aiki: Rubuta lokuta 3 da nono ke ginuwa. In kun koma gida, ku kwafo sunan maganin ƙwarin da kuke amfani da shi, mu karanta tare a aji.