Yadda ake wankan gawa da sa mata likkafani

Aikin yana farawa ne tun kafin a ɗebo ruwa. Da zarar rai ya yi halinsa, a rufe idanun mamaci, a ɗaure haɓarsa da ƙyalle zuwa tsakar ka, a lanƙwasa gwiwoyi da gwiwar hannu a sake miƙe su a hankali. In aka yi jinkiri na 'yan sa'o'i gaɓoɓi suna sandarewa, baki ya tsaya a buɗe, gyaran kuma ya yi wuya.

A tanadi bokiti uku, da buta, da ganyen magarya dakakke (sabulu na iya maye gurbinsa), da kafur, da auduga, da safar hannu ko tsumma mai kauri. Mutum biyu ko uku sun isa, wani na zuba ruwa, wani na cuɗawa, wani na juyawa. Namiji ke wanke namiji, mace ta wanke mace, amma miji da mata suna iya wanke juna. A ɗora gawar a kan abu mai ɗan tudu don ruwa ya gangare, a rufe daga cibiya zuwa gwiwa kafin a cire tufafi.

A ɗan ɗaga kafaɗu, a matsa ciki da tausasawa don abin da ke shirin fita ya fita, ana kwarara ruwa da yawa. Mai wanka ya naɗe hannunsa ya yi tsarki ta ƙarƙashin mayafi, ba tare da ya kalla ba. Sannan alwala irin ta salla. Wajen baki da hanci a sunkuyar da kai, a goge haƙora da ƙofofin hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, domin ruwan da ya shige ciki shi ke dawowa daga baya ya ɓata likkafani.

Wanka ana yin sa mara ne, sau 3, in bai tsarkaka ba 5 ko 7. A fara da kai, sai ɓangaren dama, sai hagu. A nan ne aka fi yin kuskure: wasu sukan zuba magarya ko sabulu cikin dukan ruwan. A mazhabar Malikiyya ruwan da launinsa ko ƙanshinsa ko ɗanɗanonsa ya sauya ba ya tsarkakewa, don haka dole wanka ɗaya ya kasance da ruwa tsantsa. Bokiti na farko tsantsa, na biyu da magarya, na ƙarshe da kafur, wanda ke sanyaya jiki ya kori ƙwari. Ba a yanke farce, ba a aski. In najasa ta fito bayan an gama, wurin kawai za a wanke, ba a sake wanka.

Gawar da ta ƙone ko ta kumbura, a zuba mata ruwa ba cuɗawa. In ruwan ma zai saɓule fata, a yi mata taimama. Wanda kwalara ko zazzaɓin Lassa ya kashe, a bar wa ma'aikatan lafiya su jagoranci aikin, don gawar tana yaɗa cutar.

A tsane jiki sarai kafin likkafani. Abin da ya wajaba shi ne ƙyallen da zai suturta mamaci, amma an fi so namiji ya samu guda 5: gyauto, riga, rawani da mayafai biyu. Mace 7: gyauto, riga, kallabi da mayafai huɗu. Fari ake so, a turara shi. A yanka mayafan su wuce tsawon mamaci da kamar taƙi biyu ta kai da ta ƙafa, in ba haka ba babu wurin ɗauri. A shimfiɗa mafi faɗi a ƙasa, a shafa turare a goshi da hanci da tafuka da gwiwoyi da yatsun ƙafa, a sa auduga a kafofin jiki. A naɗe, a ɗaure kai da tsakiya da ƙafa da ɗaurin zarge, domin a kabari za a kwance su bayan an kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla.