Yadda tela zai tsara aikin yininsa a goman ƙarshe na azumi

Idan azumi ya kai ashirin, ledojin kaya sukan cika shagon tela har ƙarƙashin tebur, kowa kuma cewa yake nasa ne na gaggawa. Yana yi min ciwo in ji ana kiran tela maƙaryaci, domin sau da yawa ba ƙarya ya nufa ba, ya rasa wanda zai fara ne. Ga yadda za ka fita daga wannan.

Da farko, tsarin gobe da daren yau ake yin sa. Kafin ka rufe shago, buɗe littafin awo, ka rubuta a gaban kowane suna ranar karɓa da abin da ya rage: yanka, haɗawa, surfani, maɓalli ko guga. Ka yi lissafi da azumi 29, kada ka dogara da 30. Da zarar Sarkin Musulmi ya sanar an ga watan Shawwal, gobe Idi, kwanan nan guda da ka sa wa rai ya tafi.

Na biyu, kuma nan ne da yawa suke faɗuwa: ware duk kayan da sai sun bi ta hannun wani. Babbar riga ko kaftanin da za a kai wa mai surfani shi ne farkon abin yankawa, ko da mai shi bai matsa ba, saboda mai surfani ma layi ne a gabansa. Yanka shi da sassafe, yaro ya kai kafin hantsi. Yana can ana yi masa aiki, kai kana nan kana haɗa wani. In ka bar shi sai ana jibi Sallah, ko kwana za ka yi a kan keke ba zai fito ba.

Na uku, bambance mai hayaniya da mai buƙata. Tambayi kowa: "Alhaji, wace rana za ka sa?" Wanda zai tafi garinsu Sallah saura kwana huɗu ya riga wanda ke kiran waya sau biyar alhali gidansa na bayan layi. Mai kala uku kuwa, ɗinka masa na zuwa Idi tukuna. Wanda zai sa ranar Hawan Daushe zai iya jira.

Sai ka daidaita aiki da ƙarfinka da kuma wuta. Yanka na son ido garau, don haka bayan Asuba ya fi, shadda in almakashi ya ci ta ba daidai ba, shi ke nan. Bayan La'asar, ƙishi ya taso, ka koma sa maɓalli da yanke zare. An kawo wuta? Ajiye abin da ke hannunka a yi guga.

A ƙarshe, fitar da kaya biyar ko shida kacal na yinin, ka jera su bisa tebur yadda za su bi juna, sauran su koma leda. In wata ta shigo da atamfa da kafin alƙalami a hannu, duba littafinka kafin ka duba kuɗin. In babu gurbi, faɗa mata tun a tsaye: "Hajiya, ki yi haƙuri, hannuna ya cika, sai dai bayan Sallah."