Mustang a lokacin dusar ƙanƙara: kurakuran masu hawa da na masu ajiyewa

Wanda ya sayi motar gudu irin Mustang, Camaro ko Corvette a Toronto ta Kanada ko Minneapolis ta Amurka, da Nuwamba ta kama sai ya shiga shawara: a ci gaba da hawa, ko a kulle ta a gareji har Afrilu? Duk wanda aka zaɓa yana yiwuwa. Abin da ke kashe mota shi ne a yi rabi da rabi.

Masu hawa sun fi yin kuskure a taya. Irin waɗannan motoci sukan zo da tayoyin lokacin zafi, waɗanda robarsu ke sandarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, ko da ƙanƙara ba ta zuba ba. Ga shi kuma tayoyin baya ne ke ja, shi ya sa kana taka totur a kwana sai gindin motar ya juyo gaba. Maganin shi ne tayoyin hunturu guda huɗu, masu tambarin dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Kada ka sayi biyu don ragin kuɗi. Gaba da baya za su riƙa kama titi daban. A lardin Kebek na Kanada ma doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Mai Audi ko Subaru da tayoyi huɗu ke ja, kada ya saki jiki. Wannan a wajen tashi yake taimako, birki kuwa na kowa iri ɗaya ne.

A ganina, gishiri ya fi ƙanƙarar ɓarna. Hukumomi na watsa shi a titi, wani lokaci a ruwa-ruwa, ya maƙale a ƙarƙashin mota yana cin bututun birki da na mai da salansa. Mutum sai ya wanke saman mota fes, ƙasan kuwa ko leƙawa bai yi ba. A fesa man hana tsatsa kafin sanyi ya shigo, a riƙa zuwa wankin da ke feso ruwa daga ƙasa. Abin da mutane ba sa zato: gareji mai ɗumi yana ƙara tsatsa, domin ƙanƙarar da ta daskare da gishiri narkewa take kullum, ta jiƙa ƙarfe. Duk bakaniken da ya taɓa ɗaga motar Kwatano da ta fito daga Ontariyo ta Kanada ko Mishigan ta Amurka ya ga wannan aikin, ƙarfe na ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Masu ajiyewa kuma nasu kuskuren na tausayi ne. Duk mako sai a je a tayar da injin minti biyar, wai kada ta yi sanyi. Injin bai yi zafin da zai ƙone danshi ba, sai ruwa ya taru a salansa da cikin baƙin mai, batir kuma bai mayar da abin da tayarwar ta ci ba. Hayaƙin ma a rufaffen gareji kisa yake yi. In ba fita za ka yi da ita ta yi tafiya sosai ba, ƙyale ta. Ka jona wa batir ƙaramar caja mai kashe kanta in ya cika.

Kafin a rufe ta, a canza baƙin mai, a cika tanki, a zuba sinadarin da ke hana fetur lalacewa, a ɗan ƙara iska a tayoyi. Kada a ja birkin hannu. In ya yi watanni yakan manne, gara a tokare tayoyin da katako.

Sai ɓeraye. Ɗumi suke nema, su yi sheƙa a matatar iska, su ci wayoyi. A toshe bakin salansa da soson ƙarfe, a manna takarda a sitiyari don tunawa da cire shi. Inshora kuma kada a soke ta gaba ɗaya: a tambayi kamfani a bar ɓangaren da ke biyan ɓarnar da ba ta hatsarin titi ba, irin gobara da sata, tunda rufin gareji ma yana iya ruftawa saboda nauyin ƙanƙara.