Yadda za ka zaga Takoradi da Yankin Yammacin Ghana a kwana uku

Ni dai duk baƙon da ya sauka wurina a Takoradi, bakin tashar jiragen ruwa nake fara kai shi. A 1928 aka buɗe ta, kuma har gobe ta nan koko da ma'adinai ke fita. Daga nan mu wuce Sekondi, ya ga Fort Orange, ganuwar da 'yan Holan suka gina. Sallah da tuwo kuwa, tambayi Zango, za ka ji Hausa raɗau.

Rana ta biyu ka yi sammako ka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Beyin. Can ake shiga kwalekwale zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka kafa bisa turaku a kan tafki. Tafiyar kwalekwalen kusan awa guda ce, saboda haka riƙe hula da ruwan sha. Don Allah kar ka ɗauki kowa hoto sai ka nemi izini. Gidajen mutane ne, kuma abin yana ɓata musu rai.

Rana ta uku, a hanyar dawowa, ka tsaya Axim. Turawan Fotugal suka gina ganuwarta a 1515, an kuma tsare bayi a cikinta. Shiga ɗakunan ƙasan a natse.