Kurakuran da ke sa ƙarfen sitenles ya tsage a ruwa mai gishiri

Abin da ke kare sitenles daga tsatsa wata siririyar fata ce da kuromiyam, wani ƙarfe da ke cikinsa, ke yi idan ya haɗu da iskar oksijin. Sandar famfo ko bututu mai jijjiga kullum yana lanƙwasawa yana miƙewa, fatar tana ta yagewa. Idan akwai kuloraid, wato sinadarin da ke cikin gishiri, a ruwan, sai ya ci wurin kafin fatar ta sake rufewa. Ƙaramin rami ya fito, ramin ya zama tsaga, tsagar ta yi ta shiga ciki har ƙarfen ya karye, alhali wajensa yana sheƙi.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne lissafa ƙarfin sanda da alkaluman gwajin da aka yi a busasshiyar iska. A can akwai iyakar nauyin da ƙarfe ke jurewa kusan ba ƙarshe. A ruwan gishiri wannan iyaka ba ta nan. Shi ya sa a rage nauyi, a daidaita sanda da injin don jijjiga ta ragu, kuma kada a bar kusurwa mai kaifi inda kaurin sanda ya canja. A zagaye wurin a goge shi sumul.

Sai zaɓen ƙarfe. Nau'o'in sitenles da lamba ake kiransu: 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, ba shi da molibdenam, ƙarfen da ke ƙara juriya ga kuloraid. Bisa ƙa'ida, idan kuloraid ya wuce miligiram 200 a lita, a koma 316 mai molibdenam kashi 2 zuwa 3. Shi ma yana gazawa wajen miligiram 1,000, ruwan teku kuwa ya kai kusan 19,000. Inda gishiri da jijjiga suka haɗu, nau'in 2205 ya fi su duka biyun juriya. A gwada ruwan kafin a sayi ƙarfe, ko da na rijiyar burtsatse ne.

Wurin walda ne aka fi yin ɓarna. Zafi tsakanin digiri 425 da 850 na ma'aunin Celsius yana sa kabon da ke cikin ƙarfen ya kama kuromiyam, gefen waldar ya rasa kariya. Maganinsa a yi aiki da 304L ko 316L, masu kabon da bai wuce kashi 0.03 ba, a hura iskar argon cikin bututu yayin walda. Launin shuɗi ko ruwan ƙasa da ya rage a gefe ba ado ba ne, wuri ne mai rauni: a cire shi da man asid na wanke walda, a ɗauraye sosai. Buroshin waya ko faifan gurza da ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya kusanci sitenles, don yana dasa masa ƙurar da ke fara tsatsa.

Famfon da za a ajiye na makonni, a zubar da ruwan cikinsa, a wanke da ruwa mai tsabta, a busar. A ruwan da ya kwanta ne ramukan ke farawa, musamman ƙarƙashin gasket (abin toshe yoyo a mahaɗa) da wanshar kusoshi.