Yadda zaka fahimci rayuwar Felix Nussbaum ta cikin zanensa

In kana so ka san mutumin nan, kada ka fara da zanen ƙarshe, ka jera zanukansa shekara bayan shekara. Bayahude ne, an haife shi a Osnabrück ta Jamus a 1904, yana Rum yana karatun zane lokacin da 'yan Nazi suka karɓi mulki a Jamus a 1933, daga nan hanyar gida ta toshe sai gudun hijira har Beljiyam.

Sai ka nemi zanukan bayan 1940, shekarar da aka tsare shi a sansanin Saint-Cyprien a kudancin Faransa ya kuɓuta ya koma Brussels ya ɓuya shi da matarsa Felka Platek, wallahi nan ne launukan suka dushe.

Ka daɗe a kan hoton kansa na 1943. Ya ɗaga kwalar kwat, tauraro rawaya da 'yan Nazi suka tilasta wa Yahudawa sawa a ɗinke, katin shaidar Bayahude a hannu, ga katanga ta tokare shi a lungu. Ka kalli idonsa sosai, ni dai har yau bana iya wuce shi da sauri.

An kama shi da matarsa a 1944 aka kai su Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, can aka kashe su. Tarin zanensa mafi girma yana gidan tarihin da aka buɗe da sunansa a Osnabrück a 1998.