Kurakuran da ke lalata kayan sassaƙa a gidajenmu, da yadda ake gyarawa

Teburin iroko na sayo a Legas cikin watan Yuli, ruwa na zuba dare da rana. An zagaye gefensa da sassaƙar ganye, ƙafafunsa kamar an murɗa igiya. Na kawo shi Kano, ya zauna a falo lafiya ƙalau har hunturu ya kankama. Wani dare cikin Janairu muka ji ƙara "tas!" kamar an karya rake. Da safe sai ga tsaga tun daga baki har tsakiyar teburin, faɗinta ya isa a zura tsinken tsintsiya. Na ɗora wa mai sayarwa laifi, amma wani tsohon kafinta a unguwarmu ya shafa wurin ya ce, "Alhaji, ƙishirwa ce ta kama shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne kuskuren da ya fi kowane yawa. Itace ko an sare shi an sassaƙe bai daina shan danshin iska yana fitarwa ba. A bakin teku, inda iska ke da laima, katako kan riƙe ruwa kimanin kashi 15 zuwa 18 cikin 100 na nauyinsa. A hunturun Kano ko Damagaram ko Sakkwato laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, sai ruwan jikin katakon ya koma wajen kashi 5. Idan ya bushe haka sai ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. In an ɗaure faffaɗan allo da ƙusa da gam ta ko'ina, ba shi da inda zai ja jikinsa, dole ya tsage. Abin da ke samun kayan Legas shi ke samun na Kumasi da na Fumban a Kamaru, har da kujerun itacen tik da ake shigowa da su daga Jepara ta Indunusiya, garin da sassaƙa ta zama sana'ar gado.

Maganin yana farawa tun a wurin ciniki. Tambayi yaushe aka yanka katakon da yadda aka busar da shi. Ka kifa teburin ka duba ƙasansa: gwanin kafinta yakan riƙe allon sama da 'yan katakai ko sukurori masu ɗan sarari, domin ya samu wurin motsi. In da hali, a sayo busasshen katako, ya yi hunturu guda a inuwa a garinku, an jera shi da sanduna tsakanin allo da allo, sannan a ba masassaƙi. In kuma kayan sun riga sun iso, kada a ajiye su saitin na'urar sanyaya ɗaki, ko bakin tagar da rana ke dukan gefe guda, ko kusa da kaskon wuta lokacin sanyi.

To, ya tsage, sai me? A nan na kusa yin kuskure na biyu, don har na sayo abin cike rami. Kafintan ya hana ni. Tsagar hunturu takan rufe da kanta, ko ta ragu sosai, idan damina ta sauka. In ka cusa mata abu mai tauri a Janairu, a Agusta katakon zai kumbura ya tarar da wannan abu kamar tsinke a haƙori, ya ɓalle ta wani wurin. A bari shekara ta zagayo. Abin da ya rage a buɗe, a fere siririn itace irin na teburin, a shafa gam a saka, a goge. Nawa haka aka yi masa, yau sai na nuna wa baƙo wurin yake gani.

Sai sayen launi a madadin itace. Kasuwa cike take da obeche da malaina da aka rina ja aka ce maɗaci ne, ko aka shafe da baƙin man takalmi aka ce kanya ce. Hannu ya fi ido gane wannan. Obeche nauyinsa bai kai kilo 400 a gungume mai mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri ba, iroko ya kai wajen 650, kawo kuwa kusan 800. Ɗaga ka ji. Danna farce a ƙasan kujera inda ba a shafa komai ba. In ya nutse, itace ne mai laushi. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a wani lungu, in ya ɗauko launi ka san zancen. Haka batun aikin hannu. Yanzu akwai injin da kwamfuta ke tuƙawa, akwai kuma furannin roba da ake zubawa a mazubi a manna a jikin allon garin katako. Kwatanta fure biyu da ke gefe da gefe. Idan sun zama ɗaya sak, babu sawun gizago ko na wuƙa a kwarin zanen, ba hannu ne ya yi ba. Ba laifi ba ne a sayi na inji, amma a biya kuɗin inji.

Ko a itace mai kyau akwai wurin da ba shi da kyau. Duk bishiya tana da zuciya mai duhu a tsakiya da farin nama a bayan ɓawo. Farin nan yana da sitaci, shi ƙwari ke bi. Kujerar kirya ko ta kawo da aka fitar daga zuciya zalla takan ga jikoki, amma in ƙafa guda ta faɗa kan farin, ta nan ɓarna za ta shigo. Alamarta gari ne mai laushi kamar fulawa a ƙasan kujera, da 'yan ramuka kamar an soka allura. Mutane kan share garin su ci gaba da harkarsu, alhali tsutsa na ciki tana ci. A ware kayan daga sauran, a ɗura maganin ƙwarin katako a kowane rami da sirinji, a naɗe da leda na 'yan kwanaki, sannan a shimfiɗa baƙar takarda a ƙasa a ga ko sabon gari zai zubo. Gara kuma daga ƙasa da bango take hawowa, don haka kada a manna kabad da bangon da ke tsatsafo, a bar tazarar tafin hannu, a riƙa leƙa baya lokacin damina.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɓarnar da ake yi da sunan kulawa. Na taɓa ganin kujerar Nufe, irin ta Bida mai ƙafafu goma da aka fafe daga gungume guda, an zuba mata banish mai kauri har sau uku. Siraran layukan da masassaƙi ya ɓata kwanaki yana tsagawa a samanta duk sun cike, ta koma kamar roba. Wasu man gyaɗa suke shafawa, ya yi ɗoyi ya kama ƙura. Wasu baƙin man mota, wanda ba ya fita har abada. Wasu kuma kullum da jiƙaƙƙen tsumma da omo, ruwa ya kwanta a kwarin zane, ƙafafu kuma su sha ruwan mofa har su yi baƙi. Ƙurar hunturu burushi mai laushi take so, irin na fenti, busasshe. Sau biyu a shekara, kafin hunturu da bayansa, a shafa kakin zuma kaɗan, a bari ya sha, a goge da tsohon yadin auduga. In an riga an lafta banish, a kai wa wanda zai cire shi da magani a hankali. Sanfefa mai kaushi tana cinye bakin zanen, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

Wajen jere, yawa ne ke kashe kyau. Gado mai sassaƙa, madubi mai sassaƙa, labule mai furanni, kafet mai furanni, ido ya rasa inda zai sauka. Abu guda mai nauyin aiki ya ishi ɗaki. Itace mai duhu yana son bango mai haske, kuma sassaƙa ba ta fitowa sai haske ya zo mata ta gefe ya jefa inuwa a kwarinta. Ƙwan fitila na tsakiyar silin daddaɗe ta yake yi. Tabarmar kaba, tumtum na fata da faifai sun fi dacewa da ita fiye da gilashi da zinariyar roba. Wanda ba ya son siffar mutum ko dabba a ɗakinsa ya nemi kujerun Nufe, yawancin adonsu zane ne na layi da kusurwa. Kujerar mutanen Asante na Ghana kuwa ba matattarar tukunyar fure ba ce. A wurin masu ita tana da alaƙa da ran mai zama a kai, shi ya sa sukan jingine ta a karkace idan ya tashi.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: daga ina itacen ya fito? Madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, an yi mata sara ba ji ba gani a dazukan Taraba ana lodawa zuwa Sin, har CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2016. Maɗaci da kawo sun bi sahu a taron CITES da aka yi a Panama a 2022. Ke nan fitar da su ƙetare sai da takardar izini, kuma manyan bishiyoyin da ke ba da faffaɗan allo suna ƙarewa. Wannan ya sa tsohuwar ƙofa ko tsohon gado da ke jingine a zauren gidanku ya fi sabo daraja. Ya sha hunturu talatin ko arba'in, ya gama duk tsukewar da zai yi. Kafin a kai shi murhu, a kira kafinta ya kankare wani lungu ya ga ko zuciyar itace ce.